Tambayoyi Shida a Ajin Baba Iliya

Akwai wata Laraba a ƙarshen watan Oktoba da ba na jin zan manta da ita ko na yi ritaya na koma kiwon kaji. Ita ce ranar da wata yarinya 'yar aji biyar ta miƙe a gaban shugabar makaranta ta karanta rubutun hannuna da ƙarfi, har da abin da ba a ce ta karanta ba. Ku sababbin malamai da kuke ganina yanzu ina yawo da fayil ina shan kunu, gara ku ji labarin daga bakina, don in kuka bari sai a ɗakin malamai, za a zuba masa gishiri har ya ƙi ciyuwa.

Sunana Rahila, kuma a lokacin ni ce shugabar sashen kimiyya. Makarantarmu tana bayan Samaru, kan hanyar Bomo. Sakandare ce mai zaman kanta, irin wadda ake haɗa manhaja biyu: yaro ya rubuta jarrabawar gida, ya kuma rubuta ta ƙasashen waje. 'Ya'yan malaman jami'a ne suka fi yawa, sai 'ya'yan 'yan kasuwar Sabon Gari, sai ɗaiɗaikun baƙi. A sama akwai shugaba, ƙarƙashinta mataimaka biyu, sai mu shugabannin sashe, sannan malamai. Aikin shugaban sashe shi ne ya duba tsarin darasi, ya shiga aji ya ga yadda malami yake koyarwa, ya cika fom, daga nan ya zauna da malamin ya gaya masa inda ya yi daidai da inda ya kauce, su biyun su sa hannu.

A sashena akwai Malam Iliya, malamin aikin gona, wanda kowa ke kira Baba Iliya. Mutumin Bomo ne, dogo, siriri, hula ba ta sauka daga kansa sai a coci. Ya gama shekarunsa a makarantun gwamnati ya yi ritaya, makarantarmu ta ɗauke shi kwantiragin shekara-shekara, ana sabuntawa duk Disamba. Shi ya koyar da ni a sakandare a Sabon Gari. Ranar aurena kuma shi ya tsaya a matsayin uba, domin mahaifina ya riga ya rasu. A takarda ni ce shugabarsa. A zahiri kuwa, in na hango kekensa ya shigo ƙofar makaranta, tun daga nesa gwiwata take fara lanƙwasa.

Matarsa ta rasu, 'ya'yansa suna Kaduna da Jos. Aji ne kawai abin da yake tayar da shi da safe. Ya taɓa ce mini, yana ɗaure ƙafar wandonsa zai hau keke: "Rahila, ranan da na daina shiga aji, ku je ku kira kafinta ya auna ni." Na yi dariya a lokacin, amma na san ba wasa yake yi ba.

Sai aka kawo mana sabuwar shugaba, Dakta Binta. 'Yar cikin birnin Zariya ce, ta yi shekaru tana koyarwa a ƙasar waje. A taron farko da ta yi da mu ba ta tsaya dogon jawabi ba. Ta ɗauki maka, wato alƙalamin allo, ta rubuta kalmomi uku a allo: tambaya, musu, bincike. Ta juyo ta ce, "Yaron da ya gama makarantar nan bai taɓa ce wa malaminsa ‘ban yarda ba’ ba, hadda muka ba shi, ba ilimi ba."

Kada ku ɗauka ina zaginta. Tana da gaskiya. Jarrabawar waje ba ta tsaya ga "kawo sunayen abu biyar" ba, tana tambayar yaro me yake gani, kuma don me. Yaranmu sukan cinye tambayoyin hadda tas, in an zo nan sai su yi tsuru-tsuru. Dakta ta sa aka juya kujeru rukuni-rukuni, ta hana yi wa yara shifta daga farkon darasi zuwa ƙarshe, ta kuma kawo sabon fom. A cikinsa akwai wani gida da mai dubawa zai ja layi ɗaya duk lokacin da ɗalibi ya yi tambaya ko ya musa. Doka kuma ta fito a rubuce: malamin kwantiragi da ya faɗi dubawa biyu a jere, ba za a sabunta masa ba.

Matasan malamai nan da nan suka gane inda iska ta dosa. Sai ka wuce aji ka ji malami yana roƙon yara, "Ku musa mini mana, don Allah." Baba Iliya shi ma ya bi umarni. Ya sa aka juya kujerun yadda aka ce, sannan ya koma ya tsaya daidai inda ya saba tsayawa, ya buɗe littafinsa, ya ci gaba da shifta. Rabin yaran suna rubutu wuyansu a karkace.

A ƙarshen Satumba aka tura ni duba shi a aji biyar. Na zauna a baya da fom a cinyata. Minti arba'in Baba yana magana, kuma maganar gaskiya darasin cike yake da ilimi, don mutumin ya san ƙasa kamar yadda ya san tafin hannunsa. Amma aji shiru, ko tari babu. Ba tsoron bulala ba ne, don ya daɗe da daina duka. Kwarjini ne kawai. Furfura ce, da hular nan, da yadda yake duban yaro ta saman tabarau. A ƙarshe ya ce, "Akwai mai tambaya?" Yara ashirin da huɗu suka sunkuyar da kai a tare, yadda aka koya musu a gida. Gidan da ake jan layi ya tashi fari fat.

Na kai wa Dakta fom. Ta duba ta ce, "Ya faɗi ta farko. Ki zauna da shi ki gaya masa abin da zai gyara. Ta biyu ni da kaina zan shiga, ƙarshen Oktoba."

Na ce, "To, ranki ya daɗe."

Sau uku ina zuwa wurinsa. Na farko na same shi a gonar makaranta, na gaishe shi, na tambayi lafiyar ƙafarsa, na yaba dawa, na dawo. Na biyu na kai masa kunun gyaɗa a fulas, wai in ya sha zuciyarsa za ta yi laushi. Ya sha, ya sa mini albarka, na karɓi fulas ɗina na fito. Na uku shi da kansa ya buɗe mini ƙofa. Ya ce, "Af, Rahila, ranan da kika shigo ajina, darasin ya yi?"

Na ji bakina yana cewa, "Ya yi kyau ƙwarai, Baba."

Ya ce, "Madalla."

Ta yaya zan dubi mutumin da ya miƙa ni ga mijina in ce masa bai iya koyarwa ba? Na gwada a gaban madubi, har a can ma na kasa. Da Dakta ta tambaye ni ko mun zauna, na ce muna kan tattaunawa. Kwanaki suna tafiya, ni kuma ina ramewa a tsaye.

Daga nan ne wata dabara ta faɗo mini, irin dabarar da mutum yake jin daɗin kansa har ya yi murmushi shi kaɗai. Fom tambayoyi yake so, ko ba haka ba? To, sai a kawo masa tambayoyi. Na duba tsarin darasin Baba na ranar dubawa, na ga zai koyar da dalilin da ya sa manoma suke haɗa wake da dawa a gona ɗaya. Na yanki takardu shida, na sa musu lamba. A saman kowace na rubuta tambaya mai kyau da Turanci. A ƙasa kuma, da ƙananan baƙaƙe, na rubuta lokacin da za a yi ta da yadda za a yi.

Ranar Litinin da hutun tara, Baba yana gona, na shiga aji biyar na rufe ƙofa. Na zaɓi yara shida na raba musu. Na ce su haddace, su yaga, kuma kada kowa ya ji. Na ce taimakon Baba za mu yi. Suna son sa, sai suka ce, "To, Ma." Na fito ina jin kaina kamar wadda ta kashe gobara ita kaɗai.

Laraba ta zo. Ni da Dakta muka zauna a baya, kowa da fom ɗinta. Baba ya shigo, yara suka miƙe suka gaishe shi. Ya juya ya rubuta kwanan wata, ya fara rubuta kan darasi. Bai ma gama jan layi a ƙarƙashi ba, sai Chinedu, ɗan wani mai shagon kayan mota a Sabon Gari, wanda na ba takarda ta ɗaya, ya ɗaga hannu sama har yana tashi daga kujera. Zumuɗi ne ya hana shi jira.

Baba ya juyo a hankali. Ya dubi hannun nan ta saman tabarau. Ya yi shekaru rabon da ya ga hannu a sama a ajinsa, don haka ya fassara shi yadda ya saba.

"Je ka, ka dawo da wuri."

"A'a, Sa. Ba bayan gida ba ne. Tambaya ce."

"Tambaya?"

Chinedu ya gyara tsayuwa ya zubo ta da Turanci mai sulɓi: me ya sa ake samun ƙananan ƙulle-ƙulle a jikin saiwar wake, kuma mene ne amfaninsu ga ƙasa?

Baba ya dubi allo, inda babu komai sai kwanan wata da kan darasi. Ya ce, "Wace saiwa? Ai ko shuka ba mu yi ba tukuna."

Abin da ban lissafa ba shi ne, yaranmu akwai bin layi. Mai lamba biyu ta ga mai lamba ɗaya ya gama, sai ta ɗauka an zo kanta. Ta miƙe ta sako tata. Kafin Baba ya buɗe baki, mai lamba uku ya tashi. Cikin minti huɗu an yi tambayoyi biyar, kowace da Turancin da ko iyayensu na jami'a sai sun gyara zama kafin su yi shi. Baba yana tsaye da maka a hannu, yana bin su da kallo ɗaya bayan ɗaya. Na saci kallon Dakta. Ta ja layi uku a fom ɗinta, sannan biron ya tsaya.

Saura ta shida. Ladi ce, yarinyar da ta fi kowa ƙoƙari a ajin, kuma ta fi kowa kunya. Na ba ta ta ƙarshe ne don na amince da ita. Ashe tsoron kada ta manta ya hana ta yaga takardar. Ta miƙe, ta buɗe littafinta, ta zaro takardar a fili, ta karanta daga sama har ƙasa ba ta tsallake komai ba:

"Tambaya ta shida. Shin wannan dabara za ta yi aiki a kowace irin ƙasa? A yi wannan a ƙarshen darasi, bayan ya ce akwai mai tambaya. A yi murmushi. A yaga takardar bayan an haddace."

Sannan ta ɗago kai, ta yi murmushin.

Na so ƙasa ta tsage in shige. Dakta ta tashi ba gaggawa, ta taka har wurin Ladi, ta karɓi takardar. Ta dawo ta ɗora ta kusa da fom ɗin da ke cinyata, ta dubi wannan rubutu, ta dubi wancan. Ta ce a hankali, "Malama Rahila, rubutunki akwai kyau." Sai ta ɗaga murya: "Malam Iliya, don Allah minti biyu a waje."

Muka tsaya mu uku a baranda. Baba ya karɓi takardar ya nisanta ta da idonsa ya karanta. Ya ce, "Wa ya rubuta takardan nan, kuma don me?"

Dakta ta ce, "Ina jin tana so ta cece ka ne daga faɗuwa ta biyu."

"Ta biyu? Yaushe na yi ta farko?"

Dakta ta juyo ta dube ni. "Ba ki gaya masa ba?"

Na girgiza kai. Dakta ta yi masa bayani a taƙaice: fom, layukan tambaya, dubawa biyu, Disamba. Baba yana saurare yana gyaɗa kai. Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya dube ni kawai ya ce, "Ke kika ce mini ya yi kyau ƙwarai." Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba, kuma na ga a idonsa cewa abin ya yi masa ciwo.

Ya ninke takardar ya sa a aljihu. Ya ce wa Dakta, "Ranki ya daɗe, so kike yaran nan su yi musu da ni?"

"Shi ne kawai."

"Ke kin taɓa musu da babanki?"

Dakta ta ce, "Wannan daban ne."

"A wurinsu ba daban ba ne. Saura minti nawa?"

Na duba agogo na ce ashirin da biyar. Ya juya ya koma aji, muka bi shi.

Abin da ya fara yi shi ne abin da ban taɓa gani ba tun ina 'yar aji ɗaya. Ya cire hularsa ya ajiye a kan tebur. Sanƙo ya bayyana yana ƙyalli, wasu yara suka toshe baki. Ya jawo kujera ya zauna a tsakiyarsu, ya ajiye Turanci gefe ya koma Hausa.

"Wa na koyar da ubansa ko uwarsa a nan?"

Hannu bakwai suka tashi a ɗarare. Har da Chinedu, wanda ya ce, "Babana ya ce ka taɓa yi masa bulala shida, Sa."

"Bai faɗa maka gaskiya ba, sha biyu ne. To, ku saurara. Ɗalibin mutum ɗansa ne. Ɗan ɗalibi kuma fa?"

Wata murya daga baya ta ce, "Jika."

"Yauwa. Ashe ni ba ubanku ba ne, kakanku ne. Sauran da ban koyar da iyayenku ba, jikokin riƙo ne, duk ɗaya. In hulan nan tana kan tebur, Kaka ne a aji. In ta koma kaina, Malam ya dawo."

Ga waɗanda ba su tashi a nan ba: a wurinmu yaro ba ya haɗa ido da uba, balle ya ce masa ya yi kuskure. Amma kaka abokin wasa ne. Jika yana da izinin ya tsokane shi, ya ƙaryata shi, ya ce masa ya tsufa, kuma ba wanda zai ce yaron ba shi da tarbiyya. Kowane yaro a ajin nan ya san wannan tun kafin ya san baƙi.

Baba ya harɗe ƙafa ya ce, "Darasin yau gajere ne. Wake ɓarawo ne. Yana cinye abincin dawa. Duk manomin da ya haɗa su a gona ɗaya bai san noma ba. Ku rubuta."

Wasu har sun ɗauki biro. Sauran suna kallon juna. Sai ya nuna Ladi da leɓe. "Ke mai murmushi. Kakarki ta ƙauyen Zabi ba haɗa su take yi ba? In kin je ki gaya mata na ce ta bar noma ta koma sayar da ƙosai."

Ladi ta sunkuyar da kai. Na ga kunnuwanta suna motsi. Sai ta ɗago.

"Haba, Kaka! Gonarta fa ta fi taka kyau. Mun ga dawarka a bayan makaranta, kamar tsintsiya."

Ajin ya fashe. Wani yana dukan tebur, wani ya zame daga kujera. Baba ya riƙe ƙirji kamar an harbe shi. "Dawana ne tsintsiya? To kawo hujja. Baki ba hujja ba ne."

"Duk inda ta sa wake, dawar shekara mai zuwa ta fi girma. Da idona na gani."

"Don me?"

Wani yaro ya ce ganyen wake ne yake ruɓewa ya zama taki. Wata ta ce ba haka ba ne, ai ganyen harawa ake yi da shi a ba dabbobi, ba ya zama a gona. Chinedu ya ce shi dai abin da ya haddace ya ce akwai ƙulle-ƙulle a saiwa, amma bai taɓa ganin su ba, wataƙila ma Malama Rahila ce ta ƙirƙira. Aka sake kwashewa da dariya, wannan karon a kaina.

Baba ya ce, "Tsoho ba ya yarda da abin da bai gani ba. Gona tana nan."

Yara biyu suka ruga suka tumɓuko wake guda da ƙasarsa, suka kakkaɓe a kan tebur kusa da hular. Ga ƙulle-ƙullen nan a jikin saiwa kamar ƙananan tsakuwoyi. Suka yi cincirindo a kai. Wata ta fasa ɗaya da farce, ta ce, "Kaka, cikinsa ja ne! Me ya sa?"

Baba ya karɓa ya duba, ya juya shi. Ya ce, "Ban sani ba. Ku je ku binciko, ranan Juma'a ku zo ku koya wa tsoho." Har yau ban tabbatar ko da gaske bai sani ba.

Wani ya ce, "Shekara nawa kana koyarwa ba ka sani ba, tsoho mai ran ƙarfe?"

Aka kaɗa ƙararrawa, ba wanda ya motsa, ana ta gardamar ko gyaɗa ma tana da irin ƙullin. Baba ya miƙa hannu ya ɗauki hularsa ya kafa a kai. Nan take aji ya yi tsit, kowa ya koma kujerarsa. Na leƙa fom ɗin Dakta. Gidan jan layi ya cika, ta gangara gefen takarda tana ja. Dokar makaranta ta ce da Turanci ake koyarwa, rabin darasin nan kuma da Hausa aka yi shi, amma ba ta ɗaga zancen ba. Abin da ta ce kawai shi ne, "Ku biyun, ofishina, Juma'a ƙarfe goma."

Kafin Juma'ar labari ya zaga makaranta. Malam Kabiru na lissafi, wanda ko aure bai yi ba, ya shiga aji uku ranar Alhamis ya cire hularsa ya ce shi ma kaka ne. Yara suka ce to Kaka ya tsufa, ya huta, su za su fita wasa. Sai da mataimakin shugaba ya zo aka tattaro su. Baba kuwa kwana biyun nan in na gaishe shi yana amsawa, amma ba ya tsayawa.

Ranar Juma'a na same su a ofis. A kan teburin Dakta akwai takardar sabunta kwantiragin Baba, an buga ta tsaf, ba sa hannu. Kusa da ita fom ɗina na Satumba.

Dakta ta ce, "Malam Iliya ya ci dubawa ta biyu, ba ni da ja. Amma ƙa'ida ta ce ba a rufe fayil sai shugabar sashe ta zauna da malami ta gaya masa gyaransa na dubawar farko. Ba a yi ba. In ba a yi ba, ba zan iya sa hannu ba." Ta turo mini fom ɗin. "Bismillah."

Na ce, "Ranki ya daɗe, ko in rubuta masa ya karanta a gida?"

"Kin yi rubutu ya isa haka."

Na ga ba mafita. Na zame daga kujera zan durƙusa, ko abin zai zo da sauƙi daga ƙasa. Dakta ta ce, "A kan kujera, Malama. Ke ce shugabar sashe." Na koma na zauna. Na fara karantawa ina kallon takalmina.

Baba ya ce, "Da takalmi kike magana? Ɗago kai."

Na ɗago. Na ce, "Baba, kana yin magana daga farkon darasi har ƙarshe, ba ka barin wuri."

"Na ji. Sai me?"

"Kana ba yara baya in kana rubutu, ba ka ganin wanda ya ɓace."

"Sai me?"

"In ka ce akwai mai tambaya, kana faɗa ne kana rufe littafi. Yaro ya san ba a son amsa."

Ya gyaɗa kai. "Shi ke nan?"

Abin da ke fom ya ƙare. Amma da bakin ya buɗe, sai ya ƙi rufuwa. Na ce, "Akwai ɗaya da ban rubuta ba. Littafin da kake yi musu shifta da shi, shi ne wanda ka yi mana da shi. Akwai irin masara da magungunan feshi a ciki da an daina amfani da su tuntuni."

Baba ya cire tabarau ya goge da bakin rigarsa.

"Tun yaushe kika lura?"

"Tun shekarar da ka zo makarantar nan."

"Shekara shida ke nan." Ya mayar da tabarau. "Shekara shida kina kawo mini kunu, kina barina ina karanta tsohon abu wa 'ya'yan mutane. Rahila, da ladabinki kika kusa kai ni gida ki zaunar."

Hawaye suka zubo mini a gaban shugabar makaranta, ban iya tare su ba. Na ce, "Ka yafe mini, Baba."

Ya jawo fom ɗin ya sa hannu a ƙasan gyare-gyaren, ya miƙo mini biron. "Sa naki. Litinin ki zo da sabon littafi, ki nuna mini inda aka canza. Kunun ma kada ki fasa."

Dakta ta jawo takardar kwantiragi ta sa hannu.

Abin da na ɗauka daga wannan shi ne, yaranmu ba tambaya suka rasa ba, suna da ita fal. Wurin da za su yi ta ba tare da sun zama marasa kunya ba suke nema, kuma aikin malami ne ya samar musu da shi. Mu manya ma ciwonmu ɗaya da nasu, sai dai mu muna da ofis da fom da za mu ɓuya a baya. Don haka in na shiga ajinku na ga gyara, ba zan bari rana ta faɗi ban gaya muku ba, ko da mutum ya haife ni. Har yau gwiwata takan so durƙusawa in zan faɗa wa babba, shi ya sa nake fara neman kujera.